Tuna Baya: Abubakar Imam, malamin da akunsa ya reni yaran Arewa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Arewa a shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ya san yadda unguwa kan yi tsit idan lokacin shirin yara ya yi a talabijin.

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi ba kowane gida ke da akwatin ba. Yara kan cika tsakar gidan maƙwabci, wasu a tabarma, wasu suna leƙe ta taga, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta.

Akwai shirin Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984, amma wanda ya fi shiga ran ɗan Bahaushe shi ne Magana Jari Ce na NTA Kaduna, wanda marigayi Ƙasimu Yero yake cikin taurarinsa.

Sai dai mutumin da ya ƙago Waziri Aku da Musa da Mahmudu bai ga wannan shiri ba, domin ya riga mu gidan gaskiya kafin a fara nuna shi. Shi ne Alhaji Dokta Abubakar Imam.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara da ke Jihar Neja a yanzu. Gidansu gidan malanta ne, kuma a gaban mahaifinsa, Malam Shehu Usman, ya fara karatun allo.

Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, malami ne a Katsina, inda daga baya ya zama Walin Katsina. Nan ne Abubakar ya taho ya yi karatun boko tun yana yaro.

A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, wanda Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa a yau.

Da ya gama a 1932, sai aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan zama da ya yi da alli a hannu yana da muhimmanci a tarihinsa. Kafin ya zama marubuci, sai da ya san abin da ke sa yaro ya kasa kunne da abin da ke sa shi hamma.

Gasar da ta fito da shi

A 1933, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, Dokta Rupert East, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. A lokacin yaran da suka koyi karatu ba su da abin karantawa na nishaɗi da harshensu.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Imam yana da kimanin shekara 22 sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Keta da ramuwar gayyar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun nuna cewa matashin malamin ya iya ban dariya, kuma ya san inda zai dasa aya ya bar mai karatu yana son ci gaba.

Wata shida a Zariya

East ya ga wannan baiwa, sai ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. A 1936 ya tafi Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, aka ce ya samar wa makarantu littafin karatu.

Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, mai labarai sama da 80. An fara buga shi a 1937.

Tsarin littafin shi ne sirrinsa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, ga kuma Waziri yana ƙulla makircin hallaka yaron. Kullum dare Musa zai yi shirin bin sawun rundunar, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye.

Wato kowane labari yana da dalili: ran yaro ne ake ceta da shi. A littafi na biyu aku ya kara da wani akun mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku kuma, bayan ya zama Waziri, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya.

Idan aka lura, wannan shi ne aikin mai gabatar da shirin yara: ya tara su, ya ja hankalinsu, ya ba su dariya, ya cusa darasi ba tare da sun ji ana yi musu wa'azi ba, sannan ya bar su da ɗokin gobe. Imam ya tsara haka a takarda shekara 25 kafin a buɗe gidan talabijin na farko a Kaduna a 1962. Shi ya sa da masu talabijin suka zo, ba su sha wahalar yanka littafin kashi-kashi ba.

Aro ne, amma da rigar gida

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawan labaran aro ne. Wasu daga Alfu Laila, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm. Shi kansa akun mai hana fita da dare yana da asali a wani tsohon littafin Indiya.

Amma Imam bai kwafa ya ajiye ba. Ya tuɓe wa labaran kayan ƙasarsu, ya sa musu rawani da alkyabba. Mutanen ciki suka koma sarki da dogarai, alƙali da muhuti, Bafillatani da mahauci, ɗan kasuwa da ɓarawon zaure. Ya yi musu ado da karin magana, har ya zama taken labari da yawa karin magana ne.

Wanda ya karanta labarin Kalala da Kalalatu zai rantse a bayan gidansu aka yi abin, alhali tushensa yana Turai.

Edita da ɗan siyasa

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma ya riƙe ta kimanin shekara 12. Hausarsa mai sauƙi da barkwanci ta sa ana karanta jaridar a zaure a bainar jama'a, waɗanda ba su iya karatu ba suna saurare.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, domin yana ganin Arewa na da matsalolinta da ya kamata a fara dubawa, musamman ƙarancin ilimin zamani. Ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa. Labarin tafiyar ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma an zaɓe shi ɗan majalisa a 1951. Bai daɗe a siyasa ba, ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, daga nan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Duk da waɗannan muƙamai bai daina rubuta wa yara ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka rubuta da East don bayyana kimiyya da halittu da Hausa, da kuma littattafan tarihin Musulunci. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981, yana da shekara 70.

Abin da ya rage mana

Yau akwatin talabijin ɗin maƙwabci ya zama tarihi. Yaro a Kurfi yana riƙe da wayar mahaifiyarsa yana kallon katun na Amurka ko fim ɗin Indiya da aka fassara, shi kaɗai, babu mai tsaya masa a tsakani. Iyaye kuma suna ta kewar shirye-shiryen da, suna tura guntayensu a Facebook da WhatsApp.

Rayuwar Imam ta nuna cewa shigowar labarin waje ba sabon abu ba ne, kuma ba shi ne matsalar ba. Shi ma daga waje ya ɗebo. Bambancin shi ne a wancan lokaci an samu malamin da ya san yaran, ya san harshensu, aka kuma samu hukumar da ta ɗauke masa aikin aji na wata shida don ya zauna ya tace.

Masu hikima ba su ƙare ba a ƙasar Katsina da sauran Arewa, kuma Magana Jari Ce na nan a kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gidan talabijin ko gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyin shirin yara da Hausa, da kuma uban da zai ajiye waya bayan sallar Isha'i ya karanta wa 'ya'yansa labari ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya kai haske kabarinsa.