C. S. LEWIS, MAI LABARUN NARNIA

An haifi Clive Staples Lewis a birnin Belfast, can arewacin tsibirin Ayalan, ran 29 ga watan Nuwamba, 1898. Ubansa lauya ne, gidansu kuwa cike ya ke da littattafai, har kan matakalar bene. In ruwan sama ya hana su fita, shi da wansa Warren sai su hau can sama su zauna, suna ƙaga labarun wata ƙasa wadda dabbobi ke sa tufafi suna magana.

Yana da shekara tara uwarsa ta rasu. Ba a daɗe ba aka kai shi makarantar kwana a Ingila, wurin wani malami mai zafin hannu, wanda duka ya fi yawa a ajinsa bisa ga karatu. Duk da haka yaron bai saki littafi ba, har ya sami shiga Jami'ar Oxford.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Farko ya ja shi soja. Ya isa bakin dāga a Faransa ranar da ya cika shekara 19. Kafin su tashi, shi da wani abokinsa, Paddy Moore, sun ƙulla alkawari, cewa in ɗaya ya mutu, wanda ya rayu zai riƙe iyayen ɗan'uwansa. A 1918 aka kashe Paddy, shi kuwa Lewis ya komo da rauni. To, ku lura, saurayi ne a lokacin, ba shi da dukiya, ba kuwa wanda zai kai shi ƙara in ya manta. Amma ya ɗauki uwar Paddy tamkar tasa, suka zauna gida ɗaya shekara wajen talatin. Da tsufa ya kwantar da ita a gidan jinya, kusan kullum sai ya je gaishe ta, har ta rasu a 1951.

Ya koyar a Oxford tun daga 1925, daga baya ya koma Cambridge. Sa'ad da yaƙi na biyu ya tashi a 1939, aka riƙa kwashe yara daga London don gudun bom, waɗansu aka sauke su gidansa. Shi bai haihu ba, bai kuma saba da yara ba, amma zamansu ya tuna masa da wani hoto da ya daɗe a zuciyarsa: wani halitta rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima cikin dajin ƙanƙara.

Daga nan ne littafin nan ya fito a 1950, wanda ma'anar sunansa ita ce Zaki da Mayya da Kabad. Yara huɗu ne suka shiga kabad na tufafi, suka ɓulla a ƙasar Narnia, inda wata mayya ta tsare mutane cikin hunturu shekara ɗari. Ɗayansu, Edmund, ya ci amanar 'yan'uwansa saboda kwaɗayin alewa, sai zakin nan Aslan ya ba da ransa don ya fanshe shi. Aslan kuwa zaki ke nan da Turkanci. Abokinsa Tolkien bai so labarin ba ko kaɗan, amma yara suka so shi, har Lewis ya cika littafi bakwai a 1956. Wasiƙunsu suka yi ta zuwa, yana zama yana amsa su da hannunsa.

Ya rasu ran 22 ga watan Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka, don haka jaridu ba su kula da mutuwarsa sosai ba. Bayan shekara 25, a 1988, gidan talabijin na BBC ya mai da littafin wasan kwaikwayo kashi shida. Da ya ke zakin gaske ba ya jin umurni, sai aka ƙera babban zaki mai gashi, mutane suka shiga cikinsa suna tafiyar da shi.