Robert Paul: Baturen da ya koya wa kyamarar fim waiwaye

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallon ƙafa a talabijin ya ga yadda kyamara ke bin ɗan wasa daga wannan raga zuwa waccan ba tare da hoton ya yi rawa ba. Abin da ke yin wannan aiki shi ne kan ƙarfe mai juyawa da ake ɗora kyamarar a kansa, a saman sanduna uku.

A shekarun farko na fim babu irin wannan kai. Inda aka kafa kyamara nan take kallo, abin da ya wuce gabanta kuwa ya wuce ke nan.

Mutumin da masana tarihin fim ke danganta wa fara magance matsalar shi ne Robert William Paul, wani maƙerin na'urorin kimiyya ɗan Landan, wanda ya shiga harkar fim ba da niyya ba, ya kuma fita daga cikinta da ƙafarsa bayan shekara 16.

Daga awon lantarki zuwa akwatin leƙe

An haifi Paul ranar 3 ga Oktoban 1869 a arewacin Landan. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Finsbury, sannan a 1891 ya buɗe shagonsa a titin Hatton Garden, inda yake ƙera na'urorin auna wutar lantarki.

A 1894 wasu 'yan kasuwa biyu 'yan ƙasar Girka suka zo masa da buƙatar ya kwaikwayi wata na'ura ta Thomas Edison na Amurka mai suna Kinetoscope. Akwati ce mai ramin leƙe, mutum ɗaya ke sa ido ya kalli hoto mai motsi na ƙasa da minti ɗaya.

Da farko Paul ya ƙi, har sai da ya gano cewa Edison bai yi rajistar mallakar na'urar a Birtaniya ba. Daga nan ya shiga ƙera ta, ya yi wa 'yan Girkan, ya kuma yi wa kansa.

Sai dai akwati ba ta da amfani in babu fim a ciki, kuma kamfanin Edison ba ya sayar da fina-finansa sai ga masu na'urarsa ta asali. Dole ta sa Paul neman hanyar ɗaukar nasa.

Ya haɗa gwiwa da wani mai ɗaukar hoto, Birt Acres, suka samar da kyamara a farkon 1895. Da ita aka ɗauki tseren kwale-kwale na jami'o'in Oxford da Cambridge a ƙarshen watan Maris na shekarar, wanda ke cikin fina-finan farko da aka yi a Birtaniya.

Tafiyar tasu ba ta yi nisa ba. Cikin 'yan watanni suka raba gari, kowa na iƙirarin cewa shi ne ainihin mai kyamarar.

Majigi da dokin Yarima

Paul ya fahimci cewa kuɗin yana wajen tara jama'a a zaure ɗaya, maimakon a riƙa leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 20 ga Fabrairun 1896 ya nuna majiginsa mai suna Theatrograph a tsohuwar kwalejinsa, a daidai ranar da aka fara nuna na'urar 'yan uwan nan Lumière na Faransa a Landan.

Wata guda bayan haka gidan wasa na Alhambra ya ɗauke shi. A watan Yuni ya je ya ɗauki sukuwar Derby, wadda dokin Yarima mai jiran gado, Persimmon, ya lashe. Washegari da dare aka haska ta a Alhambra, 'yan kallo suka yi ta neman a maimaita.

Abin da ya bambanta shi da abokan hamayyarsa a lokacin shi ne yana sayar wa duk mai kuɗi majiginsa. Georges Méliès na Faransa, wanda daga baya ya shahara da fina-finan dabo, daga wajensa ya saya. Wani ɗan dabo Ba'amurke, Carl Hertz, ya tafi da guda zuwa Johannesburg, inda a watan Mayun 1896 ya haska fim a karon farko a Afirka ta Kudu, kafin ya zarce Ostireliya.

Ranar da kyamara ta juya

A 1897 Sarauniya Victoria ta cika shekara 60 a kan mulki, aka shirya gagarumin jerin gwano a titunan Landan ranar 22 ga Yuni. Masu ɗaukar fim da dama sun nemi wuraren tsayawa a bakin hanya.

Matsalar ita ce kyamarorin zamanin a kafe suke a kan ƙafafun katako irin na masu ɗaukar hoton kati. Keken dokin sarauniya zai shigo ta gefe ɗaya ya fice ta ɗaya gefen cikin 'yan daƙiƙoƙi. In aka ce a ɗaga kyamarar a juya da hannu, hoton zai yi ta girgiza, ga shi kuma mai ɗauka yana murza hannun da ke jan fim ɗin.

Paul ya kalli abin da idon maƙeri. Ya ƙera wani kai da ke zama tsakanin kyamara da ƙafafunta, wanda ke juyawa a kan sanda tsayayya. A jikinsa akwai faifai mai haƙora da wani ƙarfe mai zare kamar na noti. In aka murza hannu, zaren na tura haƙoran a hankali, kyamarar ta karkata dama ko hagu ba tare da fizga ba.

Da wannan kai aka bi jerin gwanon, kuma a shekarar da ta biyo baya ya sa shi a kasuwa. Da farko masu ɗaukar bukukuwa da labarai ne suka fi amfana da shi, domin masu shirya wasan kwaikwayo sun daɗe suna barin kyamara a waje ɗaya kamar ɗan kallo a kujerar gaba.

Ficewarsa

A 1898 ya gina ɗakin shirya fim a unguwar Muswell Hill, inda aka yi ɗaruruwan gajerun fina-finai, da yawansu na barkwanci da dabo. Matarsa Ellen, wadda tsohuwar mai rawa ce a Alhambra, ta fito a wasu daga ciki.

Amma bai taɓa rufe shagon na'urorinsa ba. A 1903 ya fito da wani ma'aunin lantarki mai suna Unipivot, wanda ya samu karɓuwa sosai.

Zuwa 1910 kasuwar fim ta sauya. Kamfanonin Faransa da Amurka sun mamaye ta, fina-finai suna ƙara tsawo da tsada. Paul ya ga harkar ta zama caca, sai ya bar ta gaba ɗaya ya koma ga sana'arsa ta asali. Akasarin fina-finansa sun ɓace.

A 1919 kamfaninsa ya haɗe da wani kamfanin na'urorin kimiyya na Cambridge. A shekarun 1930 ya yi aiki da masanin kimiyya William Bragg wajen ƙera na'urar da ke matsa ƙirjin majinyaci tana saki, domin taimaka wa waɗanda jijiyoyin numfashinsu suka shanye.

Ya rasu ranar 28 ga Maris na 1943 a Landan, yana da shekara 73.

Abin da ya bari

Cikin matasan da suka yi aiki a shagonsa akwai William Vinten, wanda ya buɗe nasa kamfanin a titin Wardour a 1910, shekarar da maigidan nasa ya bar fim. Vinten ya fara da ƙera majigi, sai kyamarori, ciki har da na ɗaukar hoto daga jirgin sama.

A shekarun 1950 kamfanin ya ƙera wa BBC mazaunin kyamara mai tayoyi, wanda ake ɗagawa a sauke cikin sauƙi a ɗakin talabijin. Daga baya ya sayi Manfrotto na Italiya da Gitzo na Faransa da Sachtler na Jamus da OConnor na Amurka, kuma a 2022 aka sauya wa rukunin suna zuwa Videndum.

Yawancin kawunan kyamara na yau da ruwa mai kauri suke aiki a madadin haƙoran ƙarfe, dabarar da Eric Miller na Ostireliya ya yi wa rajista a 1946. Duk da haka, manyan masu ɗaukar fim har yanzu suna amfani da kai mai haƙora da ake murzawa da hannu, irin wanda Paul ya fara kafawa a bakin titi domin keken sarauniya.