Waliyi Martin de Porres, Ɗan Baiwa da Allah Ya Ɗaukaka

Ranar 3 ga Nuwamba kowace shekara Ekklesiya Katolika takan yi idin Waliyi Martin de Porres. An haife shi a birnin Lima na ƙasar Peru a shekarar 1579. Ubansa, Juan de Porres, babban mutum ne daga ƙasar Sifen. Uwarsa kuwa, Ana Velázquez, 'yantacciyar baiwa ce, baƙar fata.

Da uban ya ga yaron ya ɗauko kalar uwarsa, sai ya ji kunyar amsa shi a matsayin ɗa. A littafin baftisma ma an rubuta cewa ba a san ubansa ba. Sai bayan shekaru ya yarda da shi. Martin ya tashi cikin talauci tare da 'yar'uwarsa Juana. Yana da shekara 12 aka ba da shi koyon wanzanci, inda ya iya aski da ƙaho da ɗaurin rauni da haɗa magunguna.

Yana da shekara 15 ya je gidan 'yan Dominika na Lima. A lokacin, doka ta hana duk mai jinin baƙar fata zama cikakken ɗan ƙungiya, don haka aka karɓe shi a matsayin bara. Shara da wanki ne aikinsa, shi ya sa har yau ake zana hotonsa da tsintsiya a hannu. Waɗansu cikin 'yan'uwan suka riƙa goranta masa asalinsa, bai rama ba, bai kuwa raina yadda Allah ya halicce shi ba. Ganin halinsa, shugaban gidan ya kau da kai daga dokar, Martin ya ɗauki alkawuran zaman tsarki a 1603.

Daga nan ya riƙe ɗakin jinya. Ya yi jinyar Turawa masu sarauta da bayin da aka kawo daga Afirka da hannu ɗaya, bai duba fatar kowa ba. Ya ciyar da matalauta, ya taimaka aka gina gidan marayu. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 1639. Paparoma Yohanna na 23 ya sa shi cikin waliyai a 1962.

A yau 'ya'yanmu mata da maza da yawa suna shafa man bilicin don su yi haske. Waɗansu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda, waɗansu kuma suna sa fata ta yi laushi har rauni ya ƙi warkewa. Iyaye ma kan fifita ɗa mai haske a kan ɗan'uwansa, samari kuma su ƙi yarinya don baƙa ce. Wannan shi ne kuskuren da Juan de Porres ya yi wa ɗansa. Wanda ya halicce mu cikin kamanninsa bai yi kuskure ba wajen zaɓen launinmu.

Waliyi Martin de Porres, yi addu'a dominmu.