Tarihin Stover Kulp, Mai Wa'azin Gindin Tsamiya

Daga wakilinmu na Maiduguri

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun, musamman Bura da Margi da mutanen Chibok, kowa ya san Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Amma ba kowa ne ya san wanda ya kafa tushenta ba.

Sunansa Harold Stover Kulp. An haife shi a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin 1894, ɗan manoma ne. Ɗarikarsu ta 'Yan'uwa ta samo asali ne a Jamus a 1708, kuma tana da tsanani wajen zaman tsarki. A wurinsu tsarki ba ya tsayawa a baki, sai an gan shi a hali. Ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami ko da an tsokane su, ba sa alfahari da tufafi, kana a lokacin jibin ƙauna babba yakan durƙusa ya wanke ƙafafun ƙarami. Da wannan tarbiyya Kulp ya taso.

A ƙarshen 1922 ya sauka Ikko tare da abokinsa Albert Helser, suka nufo Lardin Borno. To, Turawan mulki ba su yi maraba da su ba, don ba sa son a kai mishan ƙasar sarakunan Musulmi. Ba a bar su sun zauna a garin Biu ba, sai suka gangara Garkida, kusa da kogin Hawul. Ran 17 ga watan Maris 1923 suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya. Garkida tana Jihar Adamawa yanzu, amma a lokacin ƙarƙashin Maiduguri take.

A 1924 matarsa Ruth ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai yi rai ba. Wani da nan zai tattara kayansa ya koma gida, ba kuwa wanda zai zarge shi. Shi bai yi haka ba. Sai a 1927 aka yi wa mutanen farko baftisma, su huɗu kacal. Shekara huɗu, mutum huɗu. Mai ƙidayar riba irin ta kasuwa zai ce an yi asara.

Ya koyi Buranci, ya sa hannu wajen rubuta shi da fassara Littafi Mai Tsarki. Bayan ya sake aure da wata 'yar Sikotilan mai suna Christina, suka tafi Lassa cikin Margi, ya koma ɗan koyo a sabon harshe. Mishan ɗin ya buɗe makarantu da asibitoci, har da mazaunin kutare a Garkida, a zamanin da ɗan'uwa ke gudun ɗan'uwansa saboda kuturta. Christina ma ta riga shi rasuwa, a 1952.

Ya bar aiki a 1963 bayan shekara 40, ya koma Amurka, ya rasu a 1964. Makarantar horar da fastoci ta Kwarhi, kusa da Mubi, da sunansa ake kiranta.

Koyarwar nan ta ƙin ramuwa kuwa, bayan ransa ne aka jarraba ta ƙwarai. A rikicin 2009 an ƙona majami'un EYN a Maiduguri. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya ne, kuma a watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu ta Kwarhi, shugabanni suka yi ƙaura zuwa Jos. Duk da haka ba su umarci mabiyansu su ɗauki fansa ba, kuma kayan agajin da suka raba wa 'yan gudun hijira ya kai ga Kirista da Musulmi.