Nikola Tesla: Ɗan ci-ranin da ya sarrafa na'ura daga nesa, ya mutu da bashi

Duk mai riƙe da telekomand, wato rimot, yana tsayar da fim a kwamfuta ko ƙara sautin waƙa daga inda yake zaune, yana cin gajiyar wata dabara ce da Nikola Tesla ya nuna a bainar jama'a tun a shekarar 1898.

An haifi Tesla ranar 10 ga watan Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, cikin ƙasar Kuroshiya ta yanzu. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan ƙabilar Sabiyawa. Ya karanci fannin injiniya a birnin Graz na Ostiriya, amma bai kammala ba. Bayan ya yi aiki a Budapest da Paris, ya sauka New York a 1884, inda ya kama aiki a kamfanin Thomas Edison. Kimanin wata shida ya yi ya ajiye. Har haƙar rami ya yi a kan dala 2 a wuni, kafin George Westinghouse ya sayi izinin amfani da injinsa na lantarki a 1888.

Shekara goma bayan haka, a wani baje kolin kayan lantarki a zauren Madison Square Garden, Tesla ya saka ƙaramin jirgin ruwa cikin wani kududdufi da aka tanada. Ya koma gefe da akwatin sarrafawa, yana aika masa umarni ta igiyar rediyo. Jirgin ya tafi, ya juya, ya kunna fitilunsa, alhali babu wayar da ta haɗa su. An ruwaito cewa wasu ƴan kallo sun ɗauka sihiri ne, wasu kuma suka ce biri aka ɓoye a ciki. A watan Nuwamban shekarar, Amurka ta ba shi takardar mallakar fasahar mai lamba 613,809.

Sai dai kasuwa ba ta yi ba. Ya tallata wa rundunar sojin Amurka dabarar, ba ta nuna sha'awa ba. Dogon hasumiyar sadarwa da ya gina a Wardenclyffe da dala 150,000 na attajiri J. P. Morgan ma bai kai ga fara aiki ba, aka rushe shi a 1917. Daga nan Tesla ya riƙa sauya otal, yana barin bashi a baya. Ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa na otal ɗin New Yorker ranar 7 ga watan Janairun 1943, yana da shekara 86.

A 1956 kamfanin Zenith ya fitar da telekomand ɗin talabijin mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, daga baya aka koma ga hasken da ido ba ya gani. Waɗanda ake haɗawa da kwamfuta ta Bluetooth a yau kuwa, da igiyar rediyo suke aiki, kamar dai jirgin Tesla.