Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793–1864) malama ce kuma marubuciyar waƙoƙi a Daular Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An fi saninta da tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara, da kuma suturar da ta keɓe wa jagororinsu.

Farkon rayuwa

An haife ta a Degel, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A 1805 jama'ar Shehu suka zauna a Gwandu, cikin Jihar Kebbi ta yau, a nan ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta cikin zaman yaƙi. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello. Baffanta Abdullahi shi ya riƙe Gwandu har rasuwarsa, ta kuma yi masa marsiyya.

Malfa da jan rawani

Matan ƙauye ba sa iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato karatu, sai Asma'u ta riƙa zaɓen dattijuwa mai amana daga kowane gari, ta koya mata waƙoƙi, ita kuma ta koma ta koyar. Sunan wannan mace jaji, kalmar da Hausawa ke kiran jagoran ayarin fatake da ita.

Kowace jaji Asma'u kan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Ba ita ta ƙirƙiri malfar ba. Hula ce ta maza da ake saƙawa da ciyawa, kuma Innar Gobir, shugabar 'yan bori, tana sa ta a matsayin alamar iko. Gwanintar Asma'u ita ce ta ɗauki abin da matan ƙasar suka riga suka sani kuma suke girmamawa, ta juya ma'anarsa zuwa ilimi. Duk wanda ya hangi mace da malfa da jan rawani a hanya ya san 'yar aiken gidan Shehu ce, ya ba ta hanya. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Adana rubuce-rubucenta

An binne Asma'u a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Takardunta, waɗanda na Hausa da Fulatanci daga cikinsu da ajami suke, sun zauna a gidan Waziri sama da shekara ɗari cikin gafaka. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, shi ya ba Jean Boyd, wata malama 'yar Ingila, damar nazarinsu. Ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta, kusan 60, a 1997.