Rabilu Musa Ɗan Ibro: Gandiroban da ya zama sarkin barkwancin finafinan Hausa

A tarihin finafinan Hausa, da wuya a sami ɗan wasan da sunansa kaɗai ya isa ya sayar da fim kamar marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Ibro. Shekaru da dama, masu shirya fim kan liƙa kalmar Ibro a gaban sunan fim ɗinsu, su kai kasuwa da tabbacin cewa ba za su koma gida da kayansu ba. Daga Kano zuwa Keffi, daga Maraɗi zuwa zangon Kumasi, yara da manya sun san fuskarsa da muryarsa.

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan da ke Ƙaramar Hukumar Warawa ta Jihar Kano. A nan ya yi karatun firamare, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A shekarar 1991 ya shiga aikin gidan yari a matsayin gandiroba, ya kuma shafe kimanin shekara 8 yana sanye da kaki. Tun yana wannan aiki sha'awar wasan kwaikwayo ta riga ta kama shi, har daga bisani ya ajiye albashin gwamnati ya rungumi sana'ar da a wancan lokaci mutane da yawa ba su ɗauke ta sana'a ba.

Barkwancin da ya shahara da shi yana da tushe mai nisa a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan talabijin akwai 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin makaɗa su mayar da su zancen tuwo da miya. Akwai 'yan gambara masu zambo a kasuwa. Akwai kuma wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da bafade ba zai iya faɗa ba. Da rediyo da talabijin suka kafu, sai aka sami su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos. A kan wannan turba Ɗan Ibro ya taso, amma shi zamaninsa ya dace da na kaset ɗin bidiyo, bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a shekarar 1990. Fim ɗin 'Yar Mai Ganye ne ya fara fito da shi idon jama'a.

Da masana'antar ta bunƙasa, sai ta rabu gida biyu. Akwai finafinan soyayya masu rawa da waƙa, waɗanda suka ɗauki salo daga finafinan Indiya, ana shirya su a manyan gidaje da motoci na alfarma. Akwai kuma waɗanda ake kira camama, masu ƙaramin jari, da akan ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauye ko a lungun birni. Da farko sunan camama na raini ne, amma Ɗan Ibro da abokan wasansa, irin su Ciroki da Katakore da Yautai, suka mayar da shi abin nema. Dalilin kuwa a fili yake: talaka na ganin kansa a ciki. Soron da yake zama, bashin da ake bin sa, rigimar kishiyoyi, wayon ɗan birni da wautar ɗan ƙauye, duk suna nan ba tare da ado ba.

Halin da ya fi fitowa da shi shi ne na mutum mai kwaɗayi da cika baki, matsoraci idan ta yi zafi, mai dabarar da kullum take komawa kansa. Yakan zama ɗan sanda, ko direba, ko boka, ko malamin tsibbu, ya ɗauki tufafin sana'ar da maganganunta ya karkatar da su kaɗan, har mai kallo ya gane abin da ake nufi ba tare da an ambaci kowa ba. Haka nan ya iya ɗaukar abin da duniya ke yayi ya shigo da shi tsakar gidan Bahaushe. A Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ya fito a Ibro Usama, daga baya kuma a Ibro Saddam, finafinan da suka jawo ce-ce-ku-ce a kan iyakar abin da ya halatta a yi wasa da shi. Yawancin waƙoƙin barkwancin da ake ganin yana rerawa kuwa, mawaƙi Sadi Sidi Sharifai ne ya shahara da rera su da irin muryarsa.

Wannan baiwa ita ce ta jefa shi cikin mafi tsananin jarrabawar rayuwarsa. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma daga shekarar 2007, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsaurara matakai ƙwarai a kan 'yan fim. A shekarar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ɗan Ibro ɗaurin wata 2 saboda fim ɗin Ibro Aloko. Hukuma ta kafa hujja da rashin rajista da kuma rawar da ta ce ta saɓa wa tarbiyya. Masoyansa da dama kuwa sun danganta lamarin da waƙar Mamar, wadda aka ɗauka habaici ce ga wani yadi da Gwamna Ibrahim Shekarau ya saba sawa. Ta haka tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba: an ɗaure Adam A. Zango a shekarar 2007, an kuma ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008, yayin da masu shirya fim da yawa suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna da Jos.

Ɗaurin bai rage masa farin jini ba. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa, yana fitowa a finafinan camama da kuma manyan finafinai, inda daraktoci kan ba shi fitowa ɗaya ko biyu domin sassauta wa mai kallo nauyin labari. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Bosho da Daushe da Baba Ari, sun yi aiki tare da shi, sun kuma gaji kasuwar da ya buɗe.

Allah ya yi wa Rabilu Musa rasuwa a Kano ranar 10 ga Disamban 2014, bayan fama da rashin lafiya, yana da kimanin shekara 43. Kasuwar kaset da faifan da ta ɗaukaka shi ta riga ta ruguje, amma guntayen finafinansa na ci gaba da yawo a YouTube da wayoyin hannu, har a wurin yaran da ba a haifa ba lokacin da aka ɗauke su. Tambayar da shari'arsa ta tayar, wato ko mai barkwanci na da hurumin taɓa masu mulki kamar yadda wawan sarki ya samu a fada, har yau ana tafka muhawara a kanta a duk lokacin da aka gurfanar da wani ɗan wasa ko mawaƙi a gaban kotu. Allah ya jiƙansa da rahama.